Ɗaura Makarin Iska a Garin Zafi da Ƙura

Shagona ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa, kuma mu huɗu ne muke aiki a ciki, ni da yara uku da iyayensu suka damƙa mini domin su koyi sana'a. Da gyaran ƙananan babura na fara, irin su Bajaj da Daylong da Jincheng waɗanda 'yan kabu-kabu suke neman abinci da su, kamar yadda kusan duk bakaniken babur a Sakkwato ya fara. Daga baya ne manyan baburan doguwar tafiya suka riƙa shigowa gari ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu na hannu da aka sauke a Kwatano ko a Legas, kuma da yake masu su ba su da yawa, kusan dukkansu sun san juna, duk wanda ka yi wa aikin da ya gamsu da shi, to kafin wata ya mutu sauran sun samu labari. Ta haka ne aikin ɗaura makarin iska, wanda da farko ban ɗauke shi a bakin komai ba, ya zama ɗaya daga cikin ayyukan da ke riƙe da shagon nan.

Abin da muke kira makarin iska ba shi ne babban gilashin gaban babur ba, ko da yake tare suke aiki. Ƙananan faranti ne na roba mai haske kamar gilashi, waɗanda ake ƙarawa bayan babur ya bar masana'anta. Akwai wanda ake maƙalawa a saman gilashin, wanda mu a shago muke ce wa leɓe, akwai na gefe da ke zama kusa da madubi ko a ƙarƙashinsa, waɗanda muke ce wa fukafukai, sannan akwai na ƙasa masu kare gwiwa da ƙwauri. Kamfanoni irin su Puig na Sifen da Givi na Italiya da MRA na Jamus suna ƙera su, wasu an yanka su daidai da jikin wani babur guda, wasu kuma na kowa da kowa ne da ake matse su da ɗan maƙali ba tare da an huda komai ba.

Wanda bai taɓa yin doguwar tafiya a kan babur ba yakan yi mamakin yadda mutum zai kashe kuɗi a kan 'yar robar da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Dalilin yana cikin halin iska ne, domin idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta ninkawa yake yi sau huɗu, wato abin da ƙirjin mahayi yake ɗauka a gudun kilomita 100 cikin awa ya ninka na gudun kilomita 50 har sau huɗu. Ɗan kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin Mabera da Tsohuwar Kasuwa ba ruwansa da wannan lissafi, amma wanda ya tashi daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, tafiyar kusan kilomita 150, ko ya miƙa ta Jega da Yawuri har Kontagora, zai sauka da wuya a sage da kafaɗu suna ciwo kamar wanda ya yini yana dako a Kara.

Sai dai ba ƙarfin bugun ne ya fi kawo mini mutane ba. Iska mai tafiya a miƙe, komai ƙarfinta, jiki yana iya sabawa da ita. Wadda ba a sabawa da ita ita ce hargitsattsiya, mai zuwa a guntu-guntu tana dukan hular kwano ta hagu da dama, wadda muke kira kiɗa, saboda wanda take samu ji yake kamar an kifa masa ƙwarya a kai ana kaɗawa. Asalinta shi ne, idan gilashi ya tsaga iska, a bayansa wani rami yake samuwa inda iskar ba ta da nauyi, sai ta sama da ta gefe da ta ƙasa duk su rugo domin su cike ramin, su haɗu suna juyi. Duk wanda ya tsaya a bakin gulbin Rima da damina ya ga yadda ruwa yake murɗawa a bayan ginshiƙin gada, to ya ga abin da ke faruwa a bayan gilashin babur, bambancin kawai shi ne a cikin wannan murɗawar ne kan mahayi yake zaune. Wannan ya sa nake yawan gaya wa masu zuwa wurina cewa makari ba ya kashe iska, hanya yake sauya mata, kuma dole ne mu san inda za ta sauka bayan mun kore ta daga inda take.

Wani Alhaji dogo, ɗan kasuwar hatsi, ya taɓa kawo mini Suzuki V-Strom 650 da gilashi mafi tsawo da ya samu a kasuwa, wanda ya saya da kuɗi masu yawa bisa tunanin cewa idan garkuwa ta ƙara girma, kariya ma za ta ƙaru. Bayan mun gaisa na ce masa, "Alhaji, ranka shi daɗe, a ina iskar take samunka?" Ya ce, "Malam, ko'ina. Da na wuce gudun 80 sai kaina ya kama rawa, ko rubutun allon hanya ba na iya karantawa, kuma tun da na sa wannan dogon abin sai ma ya ƙaru." Yana so ne in ƙara masa leɓe a saman dogon gilashin, na kuwa roƙe shi ya ba ni safiya ɗaya kafin mu sayi komai.

Washegari bayan sallar asuba, lokacin da hanya ba ta cika ba, muka fita hanyar Boɗinga. Na yanka zaren saƙa mai tsawon taƙi ɗaya-ɗaya kamar guda ashirin, na manna su da salatif a bakin gilashi da saman tanki da kafaɗun rigarsa, sannan muka ɗaure waya a kan babur tana ɗaukar bidiyo. Shi na sa ya hau ba ni ba, domin ya fi ni tsawo da kusan taƙi guda, kuma iskar da za ta tsallake kaina shi a goshi za ta same shi. Na ce idan ya samu miƙaƙƙen wuri babu mota babu dabba, ya ɗan sunkuya ya ji, ya ɗan miƙe ya ji, sannan ya sa tafin hannunsa na hagu na ɗan lokaci a gefen tanki, daidai kafar da ƙarafan tayar gaba suke ratsawa. Da ya dawo ya cire hular kwano, abin da ya fara cewa shi ne, "Da na sa hannu a wurin nan sai kiɗan ya ɗauke ɗif, kamar an kashe rediyo." Muka buɗe bidiyon, sai ga zaren da ke kan tanki a tsaye cak suna kallon sama, na kafaɗarsa kuma sun juyo gaba maimakon su kwanta baya. Ashe iskar da ke damunsa ba ta saman gilashi take zuwa ba, daga ƙasa take hawowa, kuma dogon gilashin nan da ya saya ƙara zurfin ramin ya yi, ya sa take hawowa da ƙarfi fiye da da.

Muka mayar da gilashinsa na asali, na yanka kwali biyu masu siffar kunnen jaki, na manna su a gefen tanki hagu da dama, ya sake fita. Sau huɗu muka yi haka a safiyar, kowane zuwa ina rage kwalin ko ina karkata shi kaɗan, har ya ce ya ji daidai. Sai a lokacin na ɗora kwalin a kan farantin roba na zana, na yanka na gaskiya. Tun daga wannan aikin ban ƙara huda jikin babur ɗin kowa ba sai kwali ya riga ya yi tafiya a kan hanya, domin kwali idan ya yi kuskure yaga shi ake yi, rami kuwa idan ya shiga jikin babur ya shiga ke nan.

Game da tsawon gilashi da leɓen da ke samansa, ƙa'idar da nake bi ita ce idan mutum ya zauna zamansa na tafiya, ba zaman ɗaukar hoto ba, bakin gilashin ya tsaya daidai da tsinin hancinsa, ta yadda ta samansa zai riƙa kallon hanya ba ta cikinsa ba. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da ƙasashen da aka ƙera kayan, saboda gilashin da ya sha ƙura ya karce yakan watsa hasken fitilar motar da ke tahowa da dare har mutum ya daina ganin komai, alhali a hanyoyinmu rami da jaki da raƙumi da garken shanu ba su sanar da zuwansu. Amfanin leɓe shi ne yana barin 'yar kafa tsakaninsa da gilashi, iskar da ta bi ta kafar sai ta fita a miƙe ta ɗaga sauran sama, don haka gajeren gilashi mai leɓe yakan yi aikin dogo ba tare da ya tare ido ba. Nakan kuma gaya wa kowa gaskiya a kan ƙara. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, ga wanda zai yi awa takwas a cikin ƙara, ƙugin iska a cikin hular kwano kuwa a gudun kilomita 100 yakan haura 90, saboda haka ko makari ya yi kyau yaya, mai doguwar tafiya yana bukatar 'yar toshiyar kunne.

Roba iri biyu ce ake yin wannan kaya da ita, kuma wanda bai bambance su ba zai yi ta asara. Akirilik ta fi haske, ba ta saurin karcewa, amma tana da gautsi, idan dutse ya same ta ko babur ya faɗi fashewa take yi ta bar baki mai kaifi. Folikabonet kuwa lanƙwasawa take yi ba ta fashewa, sai dai tana saurin karcewa, kuma idan ba a yi mata rufin kariya ba ranar Sakkwato takan mayar da ita ruwan ɗorawa. Idan ka ƙwanƙwasa su da farce za ka ji akirilik tana da siririyar ƙara, ɗayar kuma ƙararta a dushe take, in kuma kana da ɗan guntu, ka sa filaya ka lanƙwasa, nan take za ka san wadda ke hannunka. Duk abin da zai zauna kusa da hannu ko gwiwa, da folikabonet nake yin sa, domin ba na son abin da na ɗaura ya zama wuƙa ranar da tsautsayi ya faɗa.

Wurin huda shi ne inda ake gane hannun da ya ƙware. Ana manna salatif ciki da waje, a sa katako a ƙasa, a bi da injin huda a hankali ba tare da dannawa ba, kuma ramin ya nisanci baki da aƙalla ninki biyu na faɗinsa. Idan notin mai kaurin milimita 5 ne, ramin nakan yi shi milimita 7, saboda roba tana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma babur ɗin da aka ɗaure da sanyin safiyar Janairu shi ne zai tsaya a rana tsaka a watan Afrilu. Idan ba a bar mata wurin motsi ba, a bakin ramin za ta tsage. Ana sa washar roba ta kowane gefe, a ɗaure da hannu har washar ta fara kumbura, sai a tsaya. Yarana sukan so su ƙara murɗawa ɗaya domin su tabbatar, ni kuwa wannan murɗawar ta ƙarshe ita nake hana su, domin ita ce take fasa kaya.

Na koyi wani ɓangare na wannan da kuɗin aljihuna. A farkon shigata aikin, saboda na san yadda gargadar hanyoyinmu take kwance noti, sai na ɗiga shuɗin gam ɗin nan da ake sa wa zaren noti domin kada ya warware, a kan notunan wani sabon gilashi da mai shi ya yi makonni yana jiran isowarsa. Aikin ya fita tsaf, ya biya ya tafi. Kwana uku bayan haka ya dawo, ya tsayar da babur a gaban rumfa bai ce komai ba, ya nuna mini da yatsa. Kowane rami daga cikin huɗun ya fitar da tsaga sirara kamar saƙar gizo-gizo, ɗaya har ta kusa kai rabin gilashin. Wannan gam ɗin an yi shi ne domin ƙarfe da ƙarfe, idan ya taɓa irin wannan roba cinye ƙarfinta yake yi ta ciki. Laifin nawa ne, na kuma faɗa masa haka, na sayo masa wani da kuɗina, wanda ya cinye ribar kusan wata guda. Tun daga ranar noti mai zoben roba a cikinsa nake amfani da shi, wanda yake riƙe kansa ba tare da gam ba, kwalbar gam ɗin kuma tana cikin akwatin da sai ni nake buɗewa.

Babban abin da ya raba aikinmu da na waɗanda suka ƙera kayan shi ne zafi. Baturen da ya zana makarin iska sanyi da ruwan sama yake gudu, burinsa ya rufe mahayi ruf kamar yana cikin ɗaki. Mu ma muna da lokacin da muke bukatar haka, domin wanda ya fita da asubar Disamba ko Janairu zuwa Illela cikin iskar hunturu ya san yadda yatsu suke ƙagewa har riƙe birki ya gagara, kuma fukafukan gefe suna maganin wannan sosai. Amma hunturu wata uku ne, daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin garin nan yakan haura digiri 40, kuma a nan ne lissafin Turai yake rushewa ta fuska biyu. Fatar mutum zafinta bai cika wuce digiri 34 ba, saboda haka idan iskar waje ta fi haka zafi, bugunta ba sanyaya jiki yake yi ba, ƙara masa zafi yake yi kamar hucin tanderu, yana busar da gumi kafin ya yi amfani, mutum ya ƙare da ƙishirwa da jiri bai san lokacin da ruwan jikinsa ya tafi ba. Ta wannan fuskar makari taimako ne ko da bazara. Ta ɗaya fuskar kuma, idan aka rufe mahayi gaba ɗaya, iskar da za ta ɗauke gumi a hankali ba ta samun shiga, zafin inji kuma ya taru a cikin ramin nan da na ambata ya rasa mafita.

Wani malamin makaranta mai Honda ST1300 ne ya sa na fahimci wannan da kyau. Wannan babur, mai inji silinda huɗu, masu hawansa ko a ƙasashen sanyi sun san shi da turo zafi kan ƙafafu. Na ɗaura masa makaran ƙasa da na gefe a cikin hunturu, ya ji daɗinsu ƙwarai har ya turo mini mutane biyu. Da Afrilu ta kama sai ya dawo daga Argungu da rana, ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna mini ƙwaurinsa ya yi ja kamar an gasa, ya ce tankin ma ba ya taɓuwa da cinya. Makaran da na sa sun hana iskar waje wanke zafin da ke fitowa daga lagireto da inji, sun mayar da wurin zamansa tukunya. Muka cire na ƙasan, na gefen kuma na sake musu maƙali mai juyawa, ta yadda da hunturu zai rufe su, da bazara kuma ya karkata su su riƙa zuba masa iska kaɗan a ƙirji da cinya. Yanzu duk wanda ya tambaye ni, masu juyawa nake ba shi shawara ya saya ko da sun fi tsada, kuma duk wanda na yi wa aiki da sanyi nakan ce ya dawo a farkon Maris mu sake dubawa ba tare da ya biya komai ba. Idan kuma injin babur ɗin da iska ake sanyaya shi ba da ruwa ba, ba na yarda in sa wani abu a gaban haƙarƙarin silindarsa ko a gaban na'urar sanyaya baƙin mai, ko da mai shi ya nace.

Akwai kuma batun tuƙi, wanda shi ne ya fi tsayar mini da rai domin a nan ne rai yake shiga. Makarin da aka ɗaura a jikin babur, firam ne yake ɗaukar nauyin iskarsa, amma wanda aka ɗaura a kan hannun tuƙi ko a kan ƙarafan tayar gaba, duk bugun da ya sha kai tsaye yake miƙa shi ga tuƙi. Idan ɗaya ya fi ɗaya karkata ko da kaɗan ne, babur zai riƙa ja gefe guda, idan kuma suka yi girma, ranar da tirelar siminti daga Kalambaina ta gifta ko iskar hadarin farkon damina ta bugo ta gefe, kan babur yana iya kama rawa a hannun mutum. Saboda haka nake auna kusurwar hagu da ta dama da ma'auni, ba da ido ba. Kafin babur ya bar rumfa kuma, sai an ɗora shi a kan jaki an juya kansa har ƙarshe hagu da dama, a tabbatar makari bai taɓa tanki ko madubi ba, bai danne wayar totur ko ta kuloci ba, musamman ma bai taɓa hannun birki ba. Na taɓa karɓar wani babur da aka yi wa aiki a wani wuri, wanda idan an karya kan har ƙarshe fiffiken dama yake danna birkin gaba da kansa, mai shi kuwa ya faɗi sau biyu wajen juyawa a ƙofar gida yana zaton ƙafarsa ce ta gaza. Wannan dubawar ba na barin ta ga yara, ko ina cin abinci sai na tashi na yi ta da hannuna.

Ƙura kuma ita ce take ƙayyade tsawon ran kayan. Ƙurar hunturu laushi gare ta a ido, amma a kan roba samfefa ce, kuma mafi yawan gilasan da ake kawo mini sun dushe ba hanya ce ta lalata su ba, tsumma ne. Mutum ya fito da safe ya ga ƙura ta kwanta, sai ya sa hannun riga ko busasshen ƙyalle ya goge, a haka a haka har gilashi ya koma kamar hazo. Abin da ya dace shi ne a fara kwarara ruwa ya tafi da ƙurar, sannan a bi da sabulu mai laushi da ƙyalle mai taushi, kuma kada fetur ko tina su kusance shi ko da kwalta ce ta manne. Nakan kuma gargaɗi masu manyan gilasai masu lanƙwasa su riƙa yafa musu ƙyalle idan za su ajiye babur a rana, domin lanƙwasar tana iya tara hasken rana wuri guda ta narkar da robar da ke kewaye da agogon gudu.

Ta fuskar ciniki, sana'ar tana da wuyarta. Kayan waje da kuɗin waje ake sayen su, farashin da na faɗa wa mutum yau ba lalle ne ya kai mako biyu ba, kuma sai an bi ta hannun 'yan kasuwa a Kano ko Legas a jira makonni. Jabu ma ya yi yawa. Wani dillali ya taɓa aiko mini da fukafukai a cikin kwali mai kyau da rubutun cewa folikabonet ne, na sa filaya a gefen ɗaya domin gwaji, ya ɓalle kamar ƙanƙara. Wannan ne ya sa muka koma yanka namu daga farantin roba mai kaurin milimita 4, muna goge bakin da zarto da samfefa har ya yi sumul, maƙalan kuma maƙwabcina mai walda yake lanƙwasa mana su da alminiyam. Idan ana son lanƙwasa akirilik, ana gasa ta a hankali har wajen digiri 160 sannan a kwantar da ita a kan katakon da aka sassaƙa, folikabonet kuwa tana riƙe danshi a cikinta, idan aka gasa ta ba a busar da ita ba sai ta yi ƙuraje, shi ya sa muka fi lanƙwasa ta a sanyi. Kuɗin gwaji daban nake karɓa da kuɗin ɗaurawa, abin da mutane suka yi ta ƙorafi a kansa da farko, suna cewa ta yaya za a biya kuɗin kwali da zare, har sai da suka ga cewa safiyar nan ta gwaji ita take hana su sayen abin da ba su bukata. Matsalar tsaro a hanyoyin gabas ta rage masu doguwar tafiya ta wannan ɓangaren, mu ma mun ji a jikinmu, amma masu bin hanyar Kebbi da masu zagayen kusa suna nan suna zuwa.

Akwai aikin da nake mayarwa. Samari sukan zo da ƙaramin babur suna son a kafa masa gilashin da ya kai na babban babur ɗin nan Gold Wing domin ado, wasu kuma suna son baƙi wuluk wanda ba a ganin komai ta cikinsa. Nakan zaunar da su in yi musu bayani cewa babur mara nauyi da babban gilashi a kan hannunsa tamkar kwalekwale ne da aka kafa wa tabarma, duk inda iska ta so nan zai nufa. Wasu su ji, wasu su tafi wani wuri a yi musu, ni dai da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A yanzu haka akwai Honda Gold Wing GL1800 a ƙarƙashin rumfa, mai silinda shida, wanda mai shi ba shi da wani kuka a kan kansa, uwargidansa ce da yake ɗauka idan za su gaida iyaye take cewa iska tana bugun ƙeyarta daga baya tana cika mata hijabi. Wannan ma aikin ramin nan ne, domin iskar da ta tsallake kan mai tuƙi a daidai wurin zaman na baya take faɗowa ta juyo. Na buɗe 'yar tagar da ke jikin gilashin domin iska ta shiga ta rage zurfin ramin, na kuma manna kwali biyu a ƙarƙashin madubai. Ɗazu babban yarona ya tambaye ni, "Maigida, in fara yanka robar?" Na ce ya dakata tukuna. Gobe bayan asuba, in Allah ya kai mu, mai babur ɗin zai zo mu fita hanyar Boɗinga, ƙaramin yaron shagon wanda tsawonsa ya yi daidai da na Hajiya zai zauna a baya da zare a kafaɗunsa da bayan hularsa, abin da bidiyon ya nuna shi za mu zana a kan roba.